Kwana Bakwai Ƙasa da Takwas

Litinin, 4 ga Maris 1985, Tanut, bayan la'asar

Yau gurup, injin wutarmu, ya bar gidan majami'a. Alhajin da ya saye shi don injin niƙa ya aiko amalanke da ƙarti huɗu, suka ɗaga shi suna nishi. Ni kuwa na tsaya ina kallon tabon baƙin man da ya bari a ƙasa, zuciyata fes. Shekara tara yana ba mu wuta da yamma, yana ƙara mana da hayaƙi da ciwon kai kyauta. Tun da aka rufe iyakar Nijeriya bara, gazuwal, man da injin yake sha, ya zama turare. Baikon Lahadi uku ba ya cika bido guda na mai, mu kuwa duka-duka ba mu kai talatin ba, har da na goye. Limamin masallacin bayanmu ya leƙo ta katanga ya ce yanzu dai zai ji muryarsa in yana jan sallar isha'i. Muka yi dariya.

Baba Sule bai yi dariya ba. Shi ne dattijon ikilisiyarmu, tsohon direba ne, Babarbare, kuma shi ya raini injin nan kamar ɗan cikinsa. Har bakin hanya ya bi amalanken yana gargaɗin ƙartin kada su kwantar da shi a gefe.

Wata guda muka yi muna gardama kafin a kai ga yau. Baba Sule ya ce a rage awoyin kunnawa kawai. Malam Garba na makarantar lakwal ya zo da hoton injin iska daga wani littafi. Binta maƙwabciyarmu ta ce a sayi firigo, akwatin sanyi, mai kananzir, aka tuna mata kananzir ɗin ma ta iyakar yake shigowa. Ni na kafe a kan gilashin rana. Na ce rana ce kaɗai dukiyar Damargu da ba a iya rufe wa iyaka, ba ta hayaƙi, ba ta ƙara, ba ta ƙarewa a bido. Duk abin da na faɗa musu gaskiya ne.

Akwai wanda ban faɗa ba, kuma nan zan rubuta shi, tunda takarda ba ta zaman dattawa. Raishatu matata tana kwance a asibitin Damagaram tun watan Janairu, ciwon sukari. Allurar da za ta riƙa yi kullum ba ta son zafi, zafin bazarar Tanut kuwa ko randa sai ta yi gumi ta gaji. Gurup awa uku kawai yake aiki, firigonmu na ɗakin magani ya wuni da ɗumi. Likita ya ba ni ma'aunin sanyi da takarda, ya ce in rubuta safe da yamma. In sanyin firigo ya tsaya ƙasa da takwas kwana bakwai a jere, zai sallame ta. In ba haka ba, sai ta zauna can.

Talata, 5 ga Maris, da magariba

Amadu, mai haɗa kayan da ya zo daga Yamai, ya gama. Gilasai huɗu ne baƙaƙe, shi yana ce musu pano. Ya duba rufin majami'a ya ce wannan jinkar ba ta ɗaukar ko zakara mai ƙiba, don haka ya kafa su a tsakar gida bisa ƙafafun ƙarfe, tsayin ƙirji. Batir biyu irin na babbar motar kamiyo, fitila biyu a majami'a, sabon firigo ƙarami. Kafin ya shiga mota ya ɗaga murya don kowa ya ji, ya ce mu kula da gilashin nan kamar ƙwayar idonmu, in ya fashe sai an aika Faransa.

Har Inna ta fito bakin bukkarta tana saurare. Inna uwar Raishatu ce, Bafulatana, tana wurinmu tun da fari ya cinye mata shanu a arewacin Gangara. Shekara goma sha huɗu da auren ɗiyarta, ba mu taɓa zama ido da ido ba. In na shigo ta ƙofa, ta shige bukka. In tana da magana da ni, kaji take gaya wa: ku faɗa wa masu gida gishiri ya ƙare. Ni ma kajin nake ba amsa. Raishatu kuwa ɗiyar fari ce, saboda haka Inna ba ta kama sunanta, ba ta tambayar lafiyarta, kuma ba mai kawo mata zancen. Ta dai san tana Damagaram.

An kunna fitilu, ba ƙara, ba wari. Na zauna a bencin baya ni kaɗai, ina jin kukan kurciya daga cikin majami'a karo na farko da wuta a kunne.

Laraba, 6 ga Maris, da asuba

Biyar. Abin da ma'aunin firigo ya nuna ke nan. Na gode wa Ubangiji.

Alhamis, 7 ga Maris, da yamma

Safe huɗu, yamma biyar. Kwana biyu ke nan. Na wuni a gida ina kewaye gilashin da ƙaya saboda awaki. Baba Sule ya zo ya zagaya shi sau biyu, hannu a baya, kamar mai duba jakin da aka ce ba ya cin ciyawa. Ya ce injin da ba ya tari ba ya atishawa, ta ina za ka san ba shi da lafiya? Na ce sai a tambayi ma'auni.

Gobe zan koma rabon hatsin taimako a zangon makiyaya, bayan gari. Daga hantsi har la'asar muke yi.

Asabar, 9 ga Maris, da asuba

Goma sha ɗaya. Na girgiza ma'aunin, na sake dubawa. Goma sha ɗaya.

Lahadi, 10 ga Maris, da azahar

Sha huɗu da safe. Na tsaya gaban jama'a na yi wa'azi a kan haƙuri, bakina yana can, hankalina yana ɗakin magani. Ban san me na ce ba. Binta ta ce wa'azin ya ratsa ta, Allah ya yafe mana mu biyu.

Wata 'yar ikilisiyarmu, matar jandarma, ta tambayi jikin Raishatu, na ce da sauƙi. Haka nake cewa kullum. Ranar Alhamis ɗin nan ta Janairu, da yadda na tarar da ita a bakin murhu, ba zan rubuta ba.

Litinin, 11 ga Maris, da asuba

Bakwai! Ashe batir ne yake sabawa da wuri, kamar baƙo. Na yi ajiyar zuciya har kajin Inna suka watse. Na soke tsohon lissafi, na fara daga ɗaya.

Talata, 12 ga Maris, da asuba

Sha biyu.

Laraba, 13 ga Maris, bayan la'asar

Na je gidan waya. Awa guda na jira kafin a haɗa ni da asibiti, sannan a je a kira Raishatu. Muryarta ta fi ta wancan mako ƙarfi, har tana ba ni labarin wata tsohuwa a gadon kusa da ita da ke ɓoye dabino a ƙarƙashin matashi. Ta ce ta iya yi wa kanta allurar yanzu, ba ta ko runtse ido. Sai ta tambaye ni kwana nawa muka yi a lissafin.

Na ce ana nan ana ƙirgawa.

Sai ta ce, "Yahaya, in gilashin ya ƙi, kar ka sayar da kekenka. Na san ka."

Ban gaya mata na riga na yi wa keken ciniki ba, don in biya Amadu kuɗin mota ya dawo. Da na fito na ji sanyi a raina duk da haka. Wanda yake iya yi maka faɗa a waya, jikinsa ya yi sauƙi.

Alhamis, 14 ga Maris, da asuba

Sha shida. Ruwan da na sa a kwalba don gwaji ya yi ɗumi kamar na alwalar hunturu.

Mutum biyu ne suke da makullin ɗakin magani. Ɗaya ni ne.

Alhamis, da magariba

Na sauya kwaɗon ƙofar. Na san zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ni nake karanta wa mutane irin wannan. Amma na sauya.

Asabar, 16 ga Maris, da yamma

Dattawa sun zauna. Jiya fitilun majami'a sun mutu ana tsakiyar koyon waƙa, mata suka ƙarasa da acibalbal, don haka ba abin ɓoyewa. Baba Sule ya ce ya je wurin Alhaji, kuma Alhaji zai mayar da gurup in an ɗora masa wani abu a kai. Ya faɗa ba tare da ya dube ni ba. Sannan ya ajiye tsohon makullinsa a kan teburi, ya ce tunda ba ya buɗe komai yanzu, ba ya son ya riƙa nauyaya masa aljihu.

Malam Garba ya duƙufa yana gyara madaurin agogonsa.

An ba gilashin zuwa ƙarshen wata. In bai gyaru ba, a sayar a dawo da gurup kafin Idin Tashi daga Matattu. Na aika wa Amadu saƙo, aka ce ya tafi Agadas, sai bayan mako uku.

Lahadi, 17 ga Maris, da azahar

Sha biyar. Bayan sujada na wuni a tsakar gida, na bi kowace waya da hannu tun daga gilashi har batir. Ban ga komai ba. Inna ba ta fito ba duk yinin, saboda ina nan. Na ji tausayinta, bukkar nan da rana tanda ce.

Litinin, 18 ga Maris, da asuba

Bakwai kuma. Duk Litinin sai ya yi sanyi. Ko dai injin nan Kirista ne, sai ya huta Lahadi yake aiki, ko kuwa akwai wanda ba ya samun zuwa kusa da shi ran Lahadi. Ban ji daɗin tunanin da na yi ba, amma na yi shi.

Talata, 19 ga Maris, da la'asar

Bari in rubuta wannan a hankali, don har yanzu ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

Motar hatsi ba ta zo ba, aka sallame mu tun rana tana tsaka. Na shigo ta ƙofar baya ta majami'a, na leƙa ta taga. Gilashin ba ya nan. Wato yana nan, amma an lulluɓe shi ruf da zana, an ɗora buhunan algarara jiƙaƙƙu a kai, a saman duka kuma an shimfiɗa farin bargon saƙi da Inna take ajiyewa a ƙasan akwati, wanda ba ta ko bari a taɓa. Ita kuma tana zaune a gindin katanga da sanda, tana korar awaki. Can sai ta tashi da ƙwarya, ta yayyafa wa buhunan ruwa, ruwan da ake sayen garwa da tsada a wannan farin, ta koma ta zauna.

Na tsaya kamar an dasa ni. Ta ji Amadu ya ce abin tsada ne, in ya fashe sai Faransa. A ƙasar nan kuwa me ake bari a rana in ana son sa? Ba ƙwarya, ba jariri, ba ɗan maraƙi, ba baƙo. Ita da ta ga rana ta kashe mata saniya talatin, wa zai ce mata akwai abin da rana take ciyarwa? Tana jira in fita ta rufe, ta kwashe kafin in dawo, don alherin da aka yi wa suruki ba a tallarsa. Ran Lahadi ina gida, ba ta iya fitowa.

Na koma da baya a hankali, na fita, na zauna a rumfar mai shayi har la'asar. Da na dawo gilashin yana nan tsirara yana ƙyalli, an ma share masa ƙasa.

Injin lafiyarsa ƙalau. Ba wanda ya taɓa waya. Nauyin da ya sauka daga ƙirjina ya fi buhun gero. Amma wani ya hau, don yanzu sai a gaya mata, kuma ni ba ni da bakin.

Laraba, 20 ga Maris, da hantsi

Na gwada hanyar kaji. Na kira Binta ta katanga, na tsaya kusa da bukkar Inna ina bayani da ƙarfi, wai gilashin nan rana ce abincinsa, in ya sha inuwa yunwa yake ji. Binta da ba ta san dawan garin ba ta ce, to, Fasto, ai ka faɗa mana tun a majami'a, ko ka mance? Daga cikin bukka na ji Inna tana gaya wa kaji cewa mutanen boko akwai ban dariya, ko jaki in ya ga inuwa ya san ta.

Na fita aiki ina cizon yatsa.

Alhamis, 21 ga Maris, da yamma

Na saci jiki daga zango da tsakar rana. Na jira ta shiga yin azahar, na lallaɓa na janye zanar da buhunan, na jingine su a katanga kamar iska ce ta yi, na gudu kamar ɓarawon akuya. Ni, fasto, mai furfura a gemu.

Juma'a, 22 ga Maris, da azahar

Yau da igiya ta ɗaure, ta danne kowace kusurwa da dutse. Ƙulli irin na masu ɗaure kaya a kan takarkari, wanda ko guguwa sai ta nemi izini.

Saura kwana tara wata ya ƙare. Bakwai nake nema.

Juma'a, bayan magariba

Na je gidan Baba Sule. Na tarar da shi yana wanke wani tsohon kabireta da ba na kowa ba, don dai hannunsa kada ya zauna. Na durƙusa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na faɗa masa duka: zaton da na yi masa, da kwaɗon, da bargon Inna, da takardar likita, da dalilin da ya sa na nace a sayar da gurup.

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Da ya buɗe baki, faɗa ya yi mini, ba na makullin ba. Ya ce Raishatu a gabansa ta girma a ikilisiyar nan, shi ya tuƙa motar da ta kai ta ɗakina. Da na ce don ita ne, da da kansa zai kai gurup kasuwa a ka, bai tsaya ɓata bakinsa wata guda ba. Ya ce girman kai iri-iri ne, har da na mai jin kunyar a taimake shi. Na ce haka ne. Ya ce kuma kada in ɗauka ya sauya ra'ayi, gurup ya fi wannan faranti zama inji. Na ce na ji.

Sai da muka zo kan Inna fuskarsa ta saki. Ya fara dariya har da tari.

"Fasto, kai da karatunka. Ka mance ni Babarbare ne? Bafulatana ai ba ta da abin da za ta ɓoye mini, ni ma ba ni da kunyarta. Wasa ne tsakaninmu tun kakanni. Bar ni da Dado."

Ni ban taɓa jin an kama sunanta a gidana ba.

Asabar, 23 ga Maris, da la'asar

Na ce na tafi zango, na kewaya na shige majami'a na zauna ƙarƙashin taga. Ba kyau, na sani.

Rana tana ɗagawa Inna ta fito da zanarta. Sai ga Baba Sule da sandarsa, ko sallama bai ƙarasa ba ya fara. Ya ce lalle Fulani sun ci gaba, shanu sun ƙare an koma kiwon gilashi, yaushe za a fara tatsa? Ta ce Barebari dai ba a raba su da shiga gidan mutane lokacin da ake dama fura. Ya ce ai ya zo ganin amaryar da aka lulluɓe da bargo ne. Ta ce da ya san darajar kaya da bai tsufa da riga ɗaya ba. Haka suka yi ta yi, ni ina toshe baki. Ban taɓa sanin Inna tana da baki haka ba, shekara goma sha huɗu ina zaton kaji kaɗai take iya wa.

Sai ya kama kusurwar zanar, ya sauke murya. Ya ce mata wannan abin ba ƙwarya ba ne, kamar gero yake, in an yi masa rumfa ba ya yin zangarniya. Hasken da yake sha shi yake zama sanyi a akwatin ɗakin magani. Ta ce ƙaryar Barebari, wuta ba ta haihuwar ƙanƙara. Ya ce to, ta ji wadda ba ƙarya ba.

"Dado, maganin ɗiyarki za a sa a akwatin nan. Likita ya ce sai ya yi sanyi kwana bakwai za a sako ta. Kullum kika rufe, sai a koma ɗaya."

Na ɗaga kai na leƙa. Tana tsaye, zanar tana hannunta.

Ta ce, "Kwana nawa?"

Ya ce a'a, kwana biyu ne ko uku, ba wani abu ba.

Ta ce, "Goma sha uku ne. Ni na rufe, ni na san lissafi."

Ta naɗe zanar, ta kwashe buhunan, ta ninke bargon, ta shiga bukka ta saki labule. Baba Sule ya tsaya yana kiran ta da sunaye iri-iri na tsokana, ba ta amsa ko ɗaya ba.

Lahadi, 24 ga Maris, da magariba

Safe bakwai, yamma biyar. Ɗaya.

Inna ba ta ci abinci ba tun jiya. Binta ta kai mata tuwo, ya dawo yadda ya tafi. Na tsaya a tsakar gida na gaya wa kaji cewa rashin sani ya fi dare duhu, kuma laifin na wanda ya sani ne bai faɗa ba. Kaji ba su kawo amsa ba.

Bayan sujada na tashi gaban ikilisiya na faɗi abin da na faɗa wa Baba Sule, ban da zancen bargo. Na ce an gano matsalar, inuwa ce take faɗa wa gilashin, an kuma kawar da ita. Na mayar masa da makulli, sabo. Ba wanda ya ce a dawo da gurup. Matar jandarma ta ce ita dama ta lura tun da na fara yabon rana kamar ni na halicce ta.

Litinin, 25 ga Maris, da asuba

Huɗu. Biyu ke nan.

Na fito duba ma'auni na tarar an riga ni. An goge gilasan huɗu tas, ba ƙura ko ɗigo, ga sawun ƙafa ƙanana sun koma bukka. Kwanon tuwon jiya yana bakin ƙofa, wanke.

Laraba, 27 ga Maris, da yamma

Huɗu da biyar. Yanzu Inna ta zama jandarman rana. Binta ta ce jiya ta hana ta shanya zane a igiyar tsakar gida, wai inuwarsa tana kaiwa. Yau kuma ta sa an sare reshen aduwar da ke leƙowa ta katangar liman, da izininsa, ta bakin Baba Sule. Shi kuwa ya samu wurin zuwa, kullum da hantsi yana nan suna zagin kakannin juna.

Malam Garba ya ce tun da wata ya kama ba a sayi gazuwal ko na kwalba ba, baikon Lahadi uku yana nan cur. An ce a sayi gero da shi a kai zango. Na fasa sayar da keke.

Juma'a, 29 ga Maris, da asuba

Biyar. Shida ke nan. Ba na son in yi magana da yawa.

Asabar, 30 ga Maris, da magariba

Bakwai sun cika. Na sake ƙirgawa da yatsa kamar ɗan aji ɗaya. Na ninke takardar na sa a cikin Littafi, na fitar, na sake dubawa, na mayar. Jibi direban motar Damagaram zai kai wa likita.

Na tsaya a tsakar gida na ce wa kaji kwana bakwai sun cika. Labulen bukka ya motsa kaɗan.

Talata, 2 ga Afrilu, da azahar

An kira ni gidan waya, za a sallami Raishatu. Alhamis.

Alhamis, 4 ga Afrilu, da magariba

Ta dawo. Ta rame, zoben hannunta har yana juyawa, amma da ƙafarta ta sauko daga mota, tana rungume da akwatin kwalaben allura a cikin tsumma mai ƙanƙara. Ba ta shiga ɗaki ba sai da ta ga an jera su a firigo, ta duba ma'aunin da idonta. Huɗu. Ta ce ashe dai na iya wani abu ban da wa'azi.

Matan ikilisiya sun cika gidan, har matar liman ta shigo. Inna ba ta fito ba, ba kuma wanda ya sa ran ta fito. Raishatu ta je bakin bukka ta durƙusa ta gaishe ta, aka amsa daga ciki a gajarce, kamar wadda ta dawo daga rijiya.

Da mutane suka watse, Binta ta shigo ɗakinmu da ƙwarya rufe da faifai, ta ce in ji Inna. Fura ce da nonon akuya, damun hannun Fulani, ba gudaji ko ɗaya. Raishatu ta ɗebo a ludayi ta taɓa a harshe, sai ta ajiye. Ta miƙo mini. Na kurɓa, haƙorana suka amsa. Binta ta ce duk sukarin da Inna take samu a rabon taimako ba ta taɓa sha ba, tara shi take a ƙulle a bakin zane, yau ta juye shi duka a ciki.

Raishatu ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya ba ce ko ɗayan. Da ta buɗe, idanunta jajur, ta ce in shanye, kada ƙwaryar nan ta koma da ko ɗigo. Na zauna bayan ƙofa na shanye tas, har cikina ya yi ƙara. Ita ta shafa ɗan farin a gefen bakinta, ta ɗauki ƙwaryar da kanta ta kai bakin bukka, ta ce ta gode, ta daɗe ba ta sha irinta ba.

Da ta dawo ta kwanta a gadonta, ta lumshe ido. Na ɗauka ta yi barci, sai ta ce, "Gobe da sassafe ka kira mini Baba Sule, kafin a sake dama wata."